Raha Ba Ramuwa: Fina-finan Camama da Siffanta Mutane da Ƙabilarsu

Duk wanda ya bi fina-finan ban dariya na Hausa, waɗanda masu sana'ar suke kira camama, tun daga zamanin kaset har zuwa yau da ake tura su cikin waya, zai tarar galibinsu a kan tsari guda aka gina su. Mutum ne zai fita da ƙaramar buƙata, ko an aike shi kasuwa ya sayar da akuya, ko ya ci bashin da ba shi da halin biya, ko ya yi da'awar malanta alhali bai sauke ko izu guda ba, sai ƙarya ta haifi ƙarya, wanda ya zo raba gardama ya zama mai laifi, har al'amari ya kai ga guje-guje da gurfana gaban mai unguwa. Wannan tsari ba shi da aibi, kuma ba baƙo ba ne a adabinmu, domin shi ne ƙashin bayan tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, shi ne kuma abin da Abubakar Imam ya yi amfani da shi a Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta jefa juna cikin masifa daga gari zuwa gari. Mas'alar da nake son dubawa ita ce irin mutanen da ake zubawa cikin wannan rikici, da hujjar da ake kafawa idan an tambayi dalili.

Kafin fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, Hausawa sun riga sun saba da wasannin rediyo da talabijin, sun san Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Amma da sana'ar ta koma hannun 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai, sai camama ta zama haja mai saurin fita, wadda ake ɗauka da ɗan jari kaɗan cikin 'yan kwanaki, sau da yawa ba tare da cikakken rubutaccen labari ba, 'yan wasa suna ƙirƙirar magana nan take. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, shi ne ya mamaye wannan fage, har sunansa ya zama tambarin da ake liƙa wa fim don ya sayu. To, wanda yake aiki cikin irin wannan gaggawa ba shi da sukunin gina hali a hankali, sai ya miƙa hannu ga siffar da mai kallo ya riga ya haddace. Da an ga sanda a kafaɗa da malfa, an san Bafulatani ne wanda zai kira namiji da lamirin mace, ya kasa lissafin kuɗi, ya fifita saniya a kan ɗansa. Da an ji an karya harshe an san Bagware ne, ko Inyamuri mai kanti wanda ba ya yafe kwabo, ko Buzu mai gadi da rawani da butar shayi. A ƙarƙashin su duka kuwa akwai baƙauye, wanda mota take firgita shi, ɗan birni yake damfararsa, shi kuma ba ya koyon komai daga farkon fim har ƙarshensa.

Hujjar da ake kawowa ita ce wai wannan duk wasan barkwanci ne, kuma Bahaushe ya gaji barkwanci kaka da kakanni. Haƙiƙa hujja ce mai nauyi, ba ta cancanci a yi watsi da ita ba. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa, da Kanawa da Zagezagi, kamar yadda yake tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, da jika da kaka. Darajar wannan al'ada ta kai har hukumar UNESCO ta sanya barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2014. Sai dai wanda ya lura da yadda ake yinsa a zahiri zai ga yana da sharuɗɗa, ko da ba a rubuce suke ba. Abokin wasa yana nan a gabanka, yana jin abin da ka faɗa, kuma yana da cikakken iko ya rama, sau da yawa ma ramuwarsa ta fi zafi, jama'a kuwa suna jiran amsarsa kamar yadda suka saurari zolayarka. Bayan haka akwai amana a tsakani, domin Babarbaren da ya kira Bafulatani bawansa a kasuwa, shi ne zai tsaya masa idan ya shiga matsala a garin da ba shi da kowa. Ko 'yan kama, waɗanda C. G. B. Gidley ya yi nazarin sana'arsu a 1967, da yaran da suke tashe cikin azumi, a gaban mutane suke wasansu, suna kallon fuska, in sun ga an ɓata rai su sassauta.

Fim ya ɗauki zolayar ya bar sharuɗɗan. Wanda ake kwaikwayo ba ya cikin ɗakin da aka tsara labarin, galibi ba shi ne yake fitowa a matsayin kansa ba, kuma babu wata ƙofa da zai bi ya mayar da martani, alhali kaset ɗin ko faifan zai shiga dubban gidaje, a maimaita shi shekara da shekaru. Abin da yake raha tsakanin mutum biyu da suka san juna, idan aka cire ɗayansu aka bar ɗaya yana magana shi kaɗai, ya koma wani abu dabam, ko da kalmomin ba su sauya ba.

Inda wannan ya fi bayyana gare ni shi ne ƙasar Kazaure da maƙwabtanta. Masarautar Kazaure, wadda Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suke cikinta, Bafulatani ne ya kafa ta, wato Ɗan Tunku, wajen 1819, daga yankunan da suke tsakanin Kano da Katsina da Daura, kuma har yau zuriyarsa ce take sarauta. A ƙasa irin wannan, Fulani su ne sarakai da hakimai da alƙalai da malamai, su ne kuma makiyayan da suke shigo da shanu gonaki bayan kaka su ci kara su bar taki, matansu suna kawo nono da fura kasuwa. Manomi da makiyayi a nan sun san sunayen iyayen juna, suna auratayya, suna kuma saɓani a kan burtali da mashaya, saɓanin da dagatai da arɗo-arɗo suke sulhuntawa. Yaron da ya tashi a Gwiwa ko Roni, wanda ya san Bafulatani ta fuskoki goma, idan ya zauna gidan kallo ko ya karɓi fim wajen masu turi, fuska guda ake nuna masa, ta wawa mai sanda. Shi kuma ɗan makiyayin da yake zaune kusa da shi a kan benci guda, wa zai ce mana abin da yake ji sa'ad da ɗaki ya ɗauki dariya? A shekarun nan da rikicin daji ya addabi Zamfara da Katsina, har sunan ƙabila ya zama abin tuhuma a bakin wasu, ba ƙaramin abu ba ne a saba wa yara ganin maƙwabcinsu a matsayin wanda hankalinsa bai cika ba.

Haka al'amarin yake game da harshe. Camama ta mai da Hausar birnin Kano mizani, duk wanda lafazinsa ya karkata zuwa Katsinanci ko Dauranci ko Hausar Damagaram sai a sa shi a layin ƙauyawa. Mutumin Babura, wanda ƙasarsa take kusa da iyakar Nijar, yana da dangi da abokan ciniki a ƙetaren iyaka, kuma wanda fim yake kira ɗan Nijar don a yi dariya, wataƙila kawunsa ne. Su waɗannan mutane na karkara su ne mafi yawan masu kallon camama, da kuɗinsu ta rayu, su ne kuma abin dariyar cikinta.

Malamanmu ba su haramta raha ba. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha, sai dai ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba, kuma an san Nu'aimanu cikin sahabbai da barkwanci. Amma Imamu Gazali, a babin da ya yi a Ihya'u a kan illolin harshe, ya raba tsakanin raha da izgili, ya kuma lissafa kwaikwayon magana ko tafiyar mutum don a yi masa dariya cikin nau'o'in izgili, yana mai dogara da aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana wasu mutane su yi wa wasu ba'a, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Abin lura a nan shi ne ayar da jama'a ta fara, wato ba'ar da ƙungiya take yi wa ƙungiya. Mai musu zai iya cewa ai Jahizu, babban marubucin Basra, ya cika littafinsa na marowata da labaran mutanen Marwa da Khurasan. Gaskiya ne, amma wanda ya karanta littafin ya san marowatan Jahizu masu hujja ne da fasaha, ana ba su fili su kare rowarsu da dalilai har mai karatu ya kusa sallama musu. Bafulatanin camama ba a taɓa ba shi wannan fili ba.

Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi shahara da sa ido a kan rawa da sutura da cuɗanyar maza da mata, kuma a 2008, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, kotu ta ɗaure Ibro kansa a kan fim ɗin Ibro Aloko. Ba ina kira a ƙara ɗaure kowa ba ne, domin mutuncin da aka ci da dariya ba a dawo da shi da gidan yari. Abin da nake nufi shi ne tunaninmu game da tarbiyya a fim ya taƙaitu ga abin da ido yake gani na jiki, ya bar abin da kunne yake ji game da maƙwabci.

Bayan hujjar shari'a da ta zamantakewa akwai ta fasaha, wadda ina ganin ita ce za ta fi shiga kunnen masu sana'a. Rikici mai daɗin kallo daga hali yake tasowa, daga kwaɗayi da girman kai da tsoron kunya, kuma waɗannan ba su da ƙabila. Usman Baba Pategi Banufe ne, tsohon soja ne, shi ya sa da ya fito a Samanja yana Hausar bariki, sojoji da kansu suka fi kowa dariya, domin daga ciki yake zolayarsu, ya san umarni da fareti da rigimar matan bariki. Ibro ma, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya shahara, inda ya fi gwaninta shi ne inda yake fitowa a talaka mai wayon banza da yake son ya ci bulus, wayon ya juyo kansa, kowa kuwa yana ganin ɗan'uwansa ko kansa a ciki. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, da aka nuna a tashar Arewa24, a kan attajiri marowaci da tarin 'ya'yansa masu jiran dukiya aka gina shi, kuma rikicinsa bai ƙare da wuri ba, saboda kowane ɗa yana da nasa buri da tasa dabara. Siffar ƙabila kuwa dariya guda take bayarwa, a fitowar farko, daga nan sai maimaici.

Ba na cewa a cire Bafulatani ko Buzu ko mutumin ƙauye daga camama, domin cire su ma wani nau'i ne na raini. A sa su, amma a nemi ɗan wasan da yake jin Fulatanci da gaske, wanda ya san kiwo da cinikin shanu a kara, a kuma rubuta masa amsa, yadda idan ɗan birni ya zolaye shi a fitowa ta farko, zai tarar a ta uku shi ne aka sayar wa saniya mai ciwo. Wannan yana buƙatar marubuci ya zauna a kasuwar ƙauye ya saurari yadda dillali da makiyayi suke ja-in-ja a kan farashi, kuma yana buƙatar furodusa ya biya kuɗin rubutun kafin a ɗauki kyamara.