Ranar da aka yi harbi a Gadar Kennedy

A watan Disamba na 1989 aka yi zaɓe a Jamhuriyar Nijar, jam'iyya ɗaya, ɗan takara ɗaya. Janar Ali Saibu ya samu sama da kashi 99 cikin 100 na ƙuri'u, jam'iyyarsa ta MNSD kuma ta kwashe kujerun majalisa kaf. Duk wanda ya kalli wannan sakamako zai ce mulkin ya zauna da gindinsa. Wata biyu kacal aka yi, 'yan makaranta suka nuna cewa ba haka abin yake ba.

Ali Saibu ba Seyni Kunce ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Kunce, wanda ya kifar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974, ya riƙe ƙasa da hannun ƙarfe har ya rasu a Nuwamba na 1987. A zamaninsa mutum sai ya waiga hagu da dama kafin ya yi zancen gwamnati. Da Saibu ya gaje shi, ya saki fursunonin siyasa, ya sassauta. Amma sassaucin bai kai ga yarda da adawa ba, ga kuma baitulmali ya bushe. Farashin yuraniyom, wanda ƙasar ta dogara da shi, ya faɗi tun farkon shekarun 1980, bashi ya yi katutu, Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka zo da sharaɗin tsuke bakin aljihu. A ɓangaren ilimi, abin da ɗalibai suka hango shi ne rage kuɗin tallafin karatu, raba yara kashi biyu a aji ɗaya, wasu da safe wasu da yamma, da kuma daina ɗaukar duk wanda ya gama jami'a aikin gwamnati kai tsaye. Ɗan talakan da ya taso daga ƙauyen Damagaram ko Tawa ya san cewa da wannan tallafi yake ci, yake sayen littafi, har ya aika wa iyayensa ɗan abin da ya rage.

Sai mutum ya san yadda Yamai take zai gane abin da ya faru ranar Juma'a, 9 ga Fabrairu 1990. Jami'a tana tsallaken kogin Isa, a Harobanda. Fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu suna wancan gefen. A lokacin gada ɗaya ce tal ta haɗa su, Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Ɗaliban da suka fito a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN ba su da wata hanyar kai kukansu ga hukuma sai ta kanta, jami'an tsaro kuma sun san da haka, suka tare ta. Wanda yake kan gada ba shi da lungun da zai faɗa: gaba bindiga, baya cunkoson 'yan uwansa, hagu da dama ruwa. A irin wannan wuri aka buɗe wa yaran da ba su riƙe da makami wuta. Uku suka mutu, Aliyo Nahanci da Isaka Kaine da Abdu Maman Sagiru, wasu da dama suka ji rauni.

In an yi harbin ne don a tsorata mutane, to lissafi ya ɓaci. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta USTN, wadda ta daɗe tana tafiya a inuwar gwamnati, ta mara wa ɗalibai baya, aka shiga jerin gwano da yajin aiki. Iska ma ta juya a waje: a wannan watan na Fabrairu ne Jamhuriyar Benin ta yi taron ƙasa da ya rage wa Mathieu Kérékou ƙarfi, a watan Yuni kuma shugaban Faransa François Mitterrand ya faɗa wa shugabannin Afirka a La Baule cewa taimako zai bi masu buɗe fagen siyasa. A cikin gida jaridar Haske mai zaman kanta ta fara fitowa, labarin kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaraden a watan Mayu ya ƙara zubar da mutuncin gwamnati. Bayan yajin aikin gama-gari na watan Nuwamba, Ali Saibu ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa.

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa. Da aka zo kafa kwamitin shirya taron ƙasa a Nijar, masu neman dimokuraɗiyyar da kansu sun kusa mance da mata. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titunan Yamai suna neman a ba su kujeru, aka kuma ƙara musu. Wannan rana ce yau ake kira ranar matan Nijar.

Taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, Farfesa André Salifu yana shugabanta. Taron ya karɓe iko daga hannun Saibu ya bar masa suna, ya zaɓi Amadu Shehu firaministan riƙon ƙwarya, ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi. Jama'a sun kasa kunne a rediyo suna jin manyan da jiya ba a iya ɗaga ido a kalle su suna amsa tambayoyi. A 1993 aka zaɓi Mahaman Usman shugaban ƙasa, Saibu ya miƙa masa mulki ya koma ƙauyensu.

Abin da ya rage shi ne shari'a, kuma a nan Nijar ta gaza wa 'ya'yanta. Da yawa daga cikin waɗanda suka hau mulki bayan 1991 albarkacin jinin yaran nan suka hau, amma kowace shekara in 9 ga Fabrairu ta zagayo, USN takan fito da buƙata iri ɗaya: a faɗi wanda ya ba da umarnin harbi, a gurfanar da shi. Rashin hukunci kuwa yana da farashi. Ranar 10 ga Afrilu 2017, a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnatin farar hula, jami'an tsaro sun sake afka wa ɗaliban wannan jami'a da ke zanga-zanga kan halin karatunsu, ɗalibi Mala Bagale ya rasa ransa.