Kurkukun da Teku Ta Zame Masa Katanga

Jiragen ruwa masu tafiya da iska kan ɗauki 'yan yawon buɗe ido su zagaya da su gaɓar Tasmaniya, tsibirin da ke kudancin Ostireliya, su sauke su a Port Arthur ko a Darlington da ke tsibirin Mariya, sauran hanya kuma a taka da ƙafa. Abin da ake zuwa gani kangaye ne: coci mara rufi, ɗakunan tubali, matakalar da ciyawa ta cinye. Amma wanda ya iso ta ruwa ya riga ya ga ainihin kurkukun tun kafin ya sauka, domin teku da kurmi su ne suka tsare fursunonin da Birtaniya ta riƙa jibgewa a nan har 1853.

A dubi Port Arthur, wanda ya yi aiki daga 1830 zuwa 1877. Hanya ɗaya ce ta fita ta tudu, wani siririn zirin ƙasa da ake kira Eaglehawk Neck, kuma a nan aka ɗaure karnuka a jere daga wannan gaɓa zuwa waccan. A yammacin Tasmaniya, kurkukun tsibirin Sarah ya fi muni. Ba a shiga sai ta wata ƙunƙuntar mashiga mai hatsari da fursunonin suka laƙaba wa Ƙofar Jahannama. Wani fursuna, Alexander Pearce, ya gudu daga can cikin 1822 tare da mutum bakwai. Yunwa ta sa suka ci naman juna a daji, shi kaɗai ya rayu. Waɗanda suka yi nisa da gaske su ne mutum goma da suka ƙwace jirgin Frederick a 1834, jirgin da hannun fursunoni ya sassaƙa, suka kai shi har gaɓar Chile. Mai zuwa a mota ba zai taɓa jin nisan nan a jikinsa ba.

Wasu na cewa rashin kunya ne a mai da wurin azaba wurin shaƙatawa da ɗaukar hoto. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, musamman in aka tuna ɗakunan kaɗaici inda a da ake rufe wa mutum fuska, a hana shi magana, a kira shi da lamba. Sai dai an taɓa gwada rufe zancen. An sauya sunan Van Diemen's Land ya koma Tasmaniya a 1856, an mai da Port Arthur ya zama Carnarvon, an sayar da gine-gine, gobarar 1895 da ta 1897 suka lashe da yawa daga ciki. Baƙi masu son gani ne suka yi ta zuwa har sunan Port Arthur ya dawo, kuma a 2010 UNESCO ta sa Port Arthur da Darlington cikin wuraren tarihin fursunoni 11 na Ostireliya da duniya ke karewa.