Allo, lakwal da mishan: daga ina rabuwar ta faro?

Iyayenmu da ƴan uwa na gida da na ci-rani, bari mu waiwaya baya kan maganar makarantun addini.

Kafin zuwan Nasara, allo ne makarantarmu. Da Faransawa suka kawo lakwal, kamun yara aka yi, har wasu masu sarauta suka ɓoye ƴaƴansu suka miƙa na barori. Mishan ɗin SIM suka sauka Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi.

A ganinmu takarda ce ta fara raba yaran. Mai sartifika ya zama akawu ko mushe, wanda ya sauke Alƙur'ani kuwa bai da kujera a biron kumandan. Madarasar Say da aka buɗe a 1957 ta haɗa Larabci da Faransanci, ta fara gyara wannan.

Saura sanin addinin maƙwabci. Malamin allo bai koyar da abin da Kirista ya gaskata ba. Mishan ya nemi sanin Musulunci ne domin wa'azi. Lakwal ta ce ba ruwanta, na Azna kuwa ko tambaya ba a yi ba. Sai a bakin kasuwa yaro ke tsintar labari. A Janairun 2015, da rikicin zanen Charlie Hebdo ya sa aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, wutar ta ci har makarantun mishan da ƴaƴan Musulmi ke karatu a ciki.