Daga Kuɗin Ƙasa Zuwa Asusun Haɗaka: Waiwaye Kan Haraji a Ƙasar Riruwai

Na taso na iske mahaifina yana adana takardar haraji cikin jakar fata kamar laya. A wancan zamani, magidancin da ya fita ba ita, ko kasuwar Tudun Wada zai je, hankalinsa ba ya kwanciya. Da kaka ta yi mai unguwa zai tattara ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan sai Baitulmalin Kano.

Abin ya daɗe. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, sarakuna na karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, kuɗin karofi daga marina, da jangali daga makiyaya. Da Turawa suka zo sai suka shigo da malaman taki, masu auna gona da sawu su yanka mata kuɗi. Mu mutanen Riruwai kuwa ga noma ga kuza, wadda kakanninmu suke narkarwa tun kafin kamfanonin Turawa su san hanyar dutsenmu.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e. A 1979, da aka koma mulkin farar hula bisa sabon tsarin mulki, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali. Na ga murnar da talakawa suka yi, kuma ba su yi laifi ba, domin wanda ya taɓa sayar da akuyarsa don ya fanshi kansa shi ya san zafin abin.

Amma sai wata matsala ta ɓullo. Da aka daina karɓa daga aljihunmu, sai muka daina tambayar inda kuɗin hukuma ke tafiya. Tsarin mulkin 1999 ya bar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta harajin gidaje, sannan sashe na 162 ya bi da kasonsu ta asusun haɗaka da jiha. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Ina roƙon 'yan'uwana malaman makaranta su koya wa yara wannan tarihi. Kason da ake turo wa Ƙaramar Hukumar Doguwa dukiyar jama'a ce, kuma mai dukiya shi ke da haƙƙin tambayar lissafi, ko an yanka masa takarda ko ba a yanka ba.