Daga Aikin Tilas zuwa Kasafin Magajin Gari: Tarihin Kuɗin Hanya a Karkarar Maraɗi

Duk wanda ya baro Yamai ya kama hanya mai lamba ɗaya, ya wuce Dosso da Birnin Ƙonni da Gidan Rumji da Tibiri, ya ratsa Cadawa da Agye da Gazawa har Tasawa, yana tafe ne bisa kwalta. Amma da zarar ya karya dama ko hagu zuwa ƙauyukan da ke ciyar da waɗannan garuruwa, sai rairayi ya karɓe shi da rani, laka kuma da damina. Jahar Maraɗi tana da ƙananan hukumomi 47, mafi yawansu na karkara ne, kuma da wuya a sami wadda jama'arta ba su taɓa ɗaga murya ba a kan maganar hanya. Domin a gane abin da ya sa kukan ya daɗe, sai an koma baya an dubi wanda ya biya kuɗin hanya a kowane zamani, da kuma irin abin da ya biya da shi.

Kafin zuwan Nasara, sawun fatake da jakuna da raƙuma shi ne hanya. Sarki yana tsare matafiya, yana karɓar fito, gayya kuma tana share abin da ya toshe. Da Faransawa suka kafa mulkinsu a farkon ƙarni na 20, sai suka buƙaci hanyar da mota za ta bi daga bariki zuwa bariki, musamman bayan da aka ɗauke hedikwatar ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Kuɗi kuwa babu, domin dokar Faransa ta 1900 ta ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Sai aka ɗora nauyin bisa wuyan talaka ta fuska biyu: lanho da yake biya da tsabar kuɗi, da kwanakin aikin tilas da yake biya da ƙarfinsa kowace shekara. Kumandan yana faɗin adadin mutanen da yake so, sarkin kanto yana rarraba adadin ga masu gari, gardi kuma yana tsaye da bulala. Da kwando da hauya aka yi yawancin tsofaffin hanyoyin ƙasar nan, mutum ya zo da guzurinsa, ya koma hannu sake.

Wannan zamani ya sanya sarakuna tsaka mai wuya, kuma adalci ne a faɗi hakan a littafin tunawa da sarauta. Sarkin da ya kasa cika adadi yana iya rasa rawaninsa, wanda ya cika kuma ya sayi baƙin jini wajen talakawansa. Akwai waɗanda suka tsananta fiye da abin da aka nema daga gare su, akwai kuma waɗanda suka kau da kai lokacin da samari suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Katsina don gudun aikin. An soke aikin tilas a watan Afrilu na 1946, da dokar da aka san ta da sunan Hufuwet Bwanyi, ɗan majalisa daga Kodebuwa. A shekarar ne kuma Faransa ta buɗe asusun FIDES, wanda ya fara zuba kuɗin gwamnati a manyan ayyuka.

Gyaɗa ce ta nuna inda hanya za ta bi. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, saboda haka buhunan gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magarya kudu suka nufa, hanyoyin da aka fi kula da su kuma su ne masu kai kaya bakin iyaka, kamar ta Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya. Ƙauyen da ba ya da sikelin gyaɗa bai shiga lissafi ba. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Jori Hamani ta mai da hankali ga haɗa gabas da yamma, har Kanada ta taimaka da kuɗin hanyar haɗin kai da ta nufi Difa da Gigimi a shekarun 1970. A zamanin Janar Saini Kunce, arzikin yuraniyom ya shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, ya kuma ba gwamnati sukunin yafe wa talaka tsohon lanho na ƙasa, aka bar harajin gunduma kawai. Samariya ta riƙa cike ramuka da gyaran magudanai a gayyance. Duk da haka, babbar hanya daga Yamai ake tsara ta, daga waje kuma ake samo mafi yawan kuɗinta.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka kuma rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sai gyaran abin da aka riga aka gina ma ya gagara. Wannan ne ya kai ga kafa asusun CAFER a 1999, wanda asusun FER ya gaje shi a 2017. Daga cikin kuɗin man fetur da tikitin da direba ke yanka a shingen bakin gari ake cika asusun, amma manyan hanyoyin ƙasa su ne kan gaba wajen cin moriyarsa.

Ranar 24 ga Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, daga ciki 213 na karkara. Tun daga ranar, maganar hanyar ƙauye da titunan cikin gari ta sauko teburin magajin gari. Yadda doka ta tsara kafin a rushe majalisun a 2024, ana fara jin bukatun ƙauyuka, a tattara su cikin kundin tsarin raya ƙaramar hukuma na shekaru biyar. Kafin sabuwar shekara, magajin gari yana gabatar da daftarin kasafi gaban majalisar mashawarta, inda sarki ke da kujera da damar ba da shawara, amma ba ya jefa ƙuri'a. Idan an amince, sai a aika wa wakilin gwamnati a gunduma ya duba ko an bi doka. Magajin gari shi ke ba da umurnin biya, ma'aji kuwa shi ke riƙe da makullin akwati, an raba hannuwan biyu ne da gangan. Kasafin yana da kashi biyu, na tafiyar da aiki da na ayyukan raya ƙasa, kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 kuma ya wajabta a keɓe aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum ga kashi na biyu.

A takarda tsarin ya yi kyau, sai dai lissafi ba ya jin kunya. Harajin kai da masu gari ke tarawa a ƙarƙashin kulawar sarki ya daɗe yana tsaye a dala 140, wato sefa 700, a wurare da dama. A ɗauka ƙaramar hukuma tana da mutum 20,000 masu biya, kuma kowa ya biya: miliyan 14 ke nan. A haɗa da tikitin kasuwa, da kuɗin kara inda ake cinikin bisashe, da na tasha da mahauta da amalanke, da ɗan abin da gwamnati ke mayarwa. Kasafin ƙaramar hukumar karkara yakan tsaya ne a gomiyoyin miliyoyi, alhali kilomita guda na kwalta yana cin ɗaruruwan miliyoyi. Kuma kowa ya biya ɗin nan magana ce kawai. Shekarar da damina ta yi gardama, mai gari ba ya da fuskar da zai tambayi magidancin da rumbunsa ke wayam. Shekarar zaɓe kuma ƴan siyasa kan yi sanyin jiki wajen matsa wa mutane. Abin da ya shigo, albashin ma'aikata da kuɗin zaman majalisa da man mota sun riga sun yi masa layi.

Saboda haka majalisa mai hankali ba ta ambaton kwalta da kuɗin aljihunta. Tana zuba jar ƙasa a wuraren da mota ke kafewa, tana gina ɗan kadarko ko daɓen siminti inda ƙorama ke yanke hanya ranar kasuwa, sauran kuma ta adana shi a matsayin nata kason, domin masu ba da tallafi sukan nemi a fara aza wani abu kafin su cika. A nan ne hukumar ANFICT, wadda aka kafa a 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi, take shigowa, tare da shirye-shirye irin su ProDAF, wanda asusun FIDA ya tallafa wa tun 2015 a jahohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, ya kuma gina hanyoyin jar ƙasa masu haɗa gonaki da manyan kasuwanni. Kwalta da fitilun da aka gani a Maraɗi Kwalliya a 2015, da Tawa Sakola a 2017, da Zinder Sabuwa a 2018, kuɗin gwamnatin tsakiya ne na bikin 18 ga Disamba, kuma a manyan birane suka tsaya.

Ko an sami hanyar jar ƙasa, wahalar tana gaba. Damina biyu ko uku sun isa su mayar da ita kamar haƙarƙarin saniya idan ba a bi ta da gyara ba, gyara kuwa ba ya da bikin buɗewa, ba a yanka masa ƙyalle, don haka shi ne layin da ake fara shafewa idan kuɗi suka gaza. A nan har yanzu kiran sarki yana da tasiri fiye da takardar ofis: idan fada ta yi shela, masu amalanke suna kawo tsakuwa, ƴan kasuwar gari da ƴaƴan ƙasa mazauna Legas ko Kwatano suna aiko da kuɗin man babbar mota.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 wasu masu tallafi na waje sun dakatar da taimakonsu. A watan Afrilu na 2024 kuma gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, kasafin da a da ake muhawara a kansa gaban mashawarta ya koma hannunsu. Rasit ɗin haraji dai bai canza hanya ba: daga ma'aji yake zuwa fada, daga fada zuwa mai gari, daga mai gari zuwa ƙofar gidan manomi.