Birkin hannu na taragon jirgin ƙasa: yadda yake aiki da abin da ake dubawa kafin a zaɓe shi

Kayan ƴan kasuwar arewacin Kamaru da Chadi da yawa ta layin dogo suke bi tsakanin tashar jiragen ruwa ta Duwala da Ngaundare, inda layin ya iso a 1974. Auduga da shanu da katako suna gangarawa kudu, man fetur da kwantenoni suna haurawa arewa. Duwala tana bakin teku, Ngaundare kuwa tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku. A irin wannan hanya, taragon da aka cire daga kan jirgi aka ajiye a tasha yana iya motsawa da kansa idan babu abin da ya riƙe shi. Abin da ke riƙe shi shi ne birkin hannu.

Me ya sa birkin iska bai wadatar ba?

Jirgin da ke tafiya da birkin iska yake tsayawa. Ba'amurke George Westinghouse ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1869, ya kuma inganta ta a 1872 yadda birki zai kama da kansa idan jirgi ya tsinke biyu. Bututu guda ne ya ratsa dukan taragu, injin kan jirgi yana cika shi da iska. A tsarin Turai matsin iskar bar 5 ne. Kowane tarago yana da ƙaramin tankin iska nasa. Idan direba ya rage iskar bututun, sai iskar tankin ta tura takalman birki su danne ƙafafun ƙarfe.

Raunin wannan tsari shi ne yoyo. Iska tana sulalewa a hankali ta mahaɗar tiyo da ta robobin da suka tsufa. Muddin injin yana aiki, yana mayar da abin da ya zube. Da zarar an kashe shi, ko an raba shi da taragu, matsin zai riƙa raguwa har birkin ya saki. Birkin hannu bai dogara da iska ba. Sarƙa ce ko dogon sukuru ke jan takalman, kuma yadda aka ɗaure shi haka zai zauna har sai mutum ya zo ya kwance.

Darasin Lak-Megantik

A daren 5 ga Yuli 2013 direba ya ajiye jirgi mai taragun ɗanyen mai 72 a Nant, cikin lardin Kebek na Kanada, a wani gangare, kimanin kilomita 11 daga garin Lak-Megantik. Ya ɗaura birkin hannu bakwai, ya bar injin gaba yana aiki domin iska. Bayan tafiyarsa wuta ta kama injin, ƴan kwana-kwana suka kashe shi kamar yadda ƙa'idarsu ta tanada. Iska ta riƙa zubewa, kuma wajen ƙarfe ɗaya na dare jirgin ya soma gangarawa ba kowa a ciki. Ya shiga tsakiyar gari da gudun kusan kilomita 105 a awa, taragu 63 suka sauka daga layi, mutum 47 suka mutu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta fitar da rahotonta a watan Agusta 2014. Ta ce ana buƙatar birkin hannu aƙalla 17, wataƙila har 26, kafin a riƙe jirgi mai wannan nauyi a wannan wuri. Ta kuma gano cewa lokacin da direban ya gwada ko birkin hannun ya riƙe, birkin iska na injinan yana kame, don haka gwajin ya yaudare shi.

Ya kamata a bambanta wannan da haɗarin Eseka na 21 ga Oktoba 2016 a Kamaru, inda mutum 79 suka rasu bisa ƙididdigar gwamnati. Wancan jirgin fasinja ne da ke cikin tafiya, kuma kwamitin bincike ya danganta abin da gudun da ya wuce ƙima da matsalar birkin tafiya. Birkin hannu aikinsa riƙe abin da ke tsaye ne, ba a dogara da shi wajen tsayar da jirgin da ke gudu.

Ire-irensa

Iri uku ne aka fi haɗuwa da su a taragun kaya.

Na farko shi ne mai wili a tsaye da akwatin giya, wanda ya mamaye Amurka da Kanada da ƙasashen da ke sayen taragu bisa ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka, AAR. Wilin yana kama da sitiyarin babbar mota, an kafa shi a ƙarshen tarago. Idan aka juya shi, giya tana naɗe sarƙa, wani harshen ƙarfe kuma yana shiga haƙoran giyar ya hana ta komawa baya. Yana ba da ƙarfi sosai, shi ya sa ya dace da taragu masu nauyi.

Na biyu shi ne mai sukuru, wanda ma'aikatan ƙasashen da ke amfani da Faransanci ke kira frein à vis. Shi aka saba gani a taragun da aka ƙera bisa ƙa'idar UIC, ƙungiyar jiragen ƙasa ta duniya mai hedikwata a Paris. Juya hannun yana tura noti a kan dogon sukuru, notin ya ja sandunan birki. Zaren sukurun da kansa yake riƙewa, ba ya buƙatar harshen ƙarfe. A wasu taragu daga wani dandamali ake juya shi, a wasu kuma akwai ƙaramin wili a kowane gefe yadda ma'aikaci zai ɗaura yana tsaye a ƙasa.

Na uku shi ne mai dogon liba a gefen tarago, gadon tsarin Ingila. Ma'aikaci yana danna libar ƙasa ya soka ƙusa a rami ta tsaya. Yana da sauƙin gyara da saurin ɗaurawa, amma ƙarfinsa ya danganta da ƙarfin mai dannawa, don haka ya fi dacewa da ƙananan taragu.

Dokoki ma sun bambanta. A Amurka tun 1910 doka ta wajabta birkin hannu mai aiki a kowane tarago. A Turai ba kowane taragon kaya ke da shi ba, shi ya sa mai haɗa jirgi yake duba yawan masu birkin da ke cikin jerin.

Lissafin ƙarfi

Tambayar farko ga mai zaɓe ita ce nauyin tarago idan ya cika da kaya, da gangaren da ya fi tsanani inda za a riƙa ajiye shi. Lissafin ba shi da wuya. A gangaren kashi 1 cikin 100, wato ƙasa ta sauka mita 1 a kowace mita 100, kowane tan yana ja ƙasa da ƙarfin kimanin kilo 10.

A ɗauki misalin taragu 20, kowanne tan 60. Jimla tan 1,200 ke nan, kuma a wannan gangare suna ja da ƙarfin tan 12. A ce birkin hannu ɗaya yana danna takalma da ƙarfin tan 6, kashi ɗaya bisa goma na nauyin taragon. Ba dukan tan 6 ɗin ke zama riƙo ba, domin takalmi yana iya zamewa a kan ƙafa. Idan aka ƙaddara kashi 30 cikin 100 ne ke riƙewa, birki ɗaya yana tare tan 1.8. Ke nan sai an ɗaura bakwai kafin a yi kunnen doki da gangaren, ba tare da wani rara ba. Idan sarƙa ta yi tsatsa, ko ma'aikaci bai ɗaura da ƙarfi ba, ko ruwa ya jiƙa takalman, bakwai ba za su isa ba. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke ba ma'aikata jadawalin da ke nuna adadin birkin da za a ɗaura bisa nauyi da gangare, sannan a bi da gwaji.

Ƙarfin da ya yi yawa ma yana da illa. Birkin da aka tsara wa tarago mai nauyi, idan aka saka shi a mara nauyi, yana iya kulle ƙafa ta riƙa jan ƙasa a kan ƙarfen dogo idan aka motsa taragon.

Kayan da ke tafiya tare da shi

Ba a sayen akwatin birki shi kaɗai. Daga wilin zuwa takalmi akwai jerin kaya, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke ƙarfin duka.

Sarƙa da sanduna: tsawonsu ya zama daidai da na taragon. Sarƙar da ta yi tsawo za ta ƙare naɗewa takalma ba su kama ba, mai ɗaurawa kuma zai ji wilin ya yi tauri ya ɗauka ya gama. Gajeriya kuma tana hana birki saki gaba ɗaya.

Ƙarfe mai gwiwa ko kura: su ke juya jan sarƙar da ke hawa sama ya koma jan da ke bin tsawon tarago. Wasu suna ninka ƙarfin, saboda haka ba a musanya wani iri da wani ba tare da sake lissafi ba.

Na'urar daidaita tazara: takalmi yana cinyewa, tazararsa da ƙafa tana ƙaruwa. Wannan na'ura tana rage tsawon sandar da kanta. Kamfanin SAB na Suwidin ya yi suna a kanta har wasu makanikai suna kiran ta da sunansa.

Takalman birki: akwai na zubin ƙarfe, akwai na haɗin sinadarai. A Turai masu alamar K suna da kamu mai ƙarfi kuma sai taragon da aka tsara dominsu, masu alamar LL kuwa an yi su ne don su maye gurbin na zubin ƙarfe kai tsaye. Duk lokacin da aka canja irin takalmi, ƙarfin riƙon birkin hannu yana canjawa.

Hannun saki: wasu akwatuna suna da ƙaramin liba mai sakin birki nan take, wasu kuma sai an juya wilin baya a hankali. Mai saki a hankali ya fi amfani inda ake tura tarago ɗaya-ɗaya a filin tasha ana sarrafa gudunsa.

Matakala da mariƙi: ma'aikaci yana buƙatar wurin tsayawa da abin kamawa da hannu ɗaya. Wasu kamfanoni suna ba da doguwar sanda mai ƙugiya don a juya wilin daga ƙasa, ba sai an hau ba.

Weji da takalmin layi: kamar yadda yaron mota ke sa wa tirela weji, haka ake sa wa tarago a ƙarƙashin ƙafa. A bakin layin ajiya kuma ana kafa ƙarfen da ke sauke taragon da ya kuɓuce daga layi kafin ya shiga babbar hanya. Waɗannan ƙari ne a kan birkin hannu, ba su maye gurbinsa a gangare.

Abin da ya shafi yankinmu

Layukan yankin ba faɗi ɗaya gare su ba. Na Kamaru, da na Kwatano zuwa Paraku a Benin, da na Abijan zuwa Wagadugu, da na Yamai zuwa Doso wanda aka shimfiɗa amma bai shiga aiki ba, duk mita 1 ne. Tsofaffin layukan Najeriya da Gana da Sudan milimita 1,067 ne. Sababbin layukan Najeriya, irin su Abuja zuwa Kaduna na 2016 da Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, milimita 1,435 ne. Taragon ƙaramin layi ya fi ƙunci, don haka akwatin birkin da aka ƙera wa babban layi ba lallai ya samu wurin zama a jikinsa ba, wilin ma yana iya fitowa waje ya wuce iyakar da aka yarda a gada ko bakin dandamali.

Sai batun kayan gyara. Manyan masu ƙera birki su ne Wabtec na Amurka, magajin kamfanin Westinghouse, da Knorr-Bremse na Jamus, sannan taragu da yawa da ke shigowa Afirka yanzu daga China da Indiya suke. Kamfanin da ya tara taragu daga wurare daban-daban sai ya ajiye kayan gyara iri-iri, ya kuma koya wa ma'aikata kowanne. Tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce ko za a samu sarƙa da giya da takalman wannan iri bayan shekara goma.

Yanayi ma yana da tasiri. Ƙurar hunturu a Sahel tana haɗuwa da giris ta zama kamar yashi mai cin zaren sukuru, damshin gaɓar teku kuma yana sa sarƙa tsatsa. Akwatin giya mai rufi ya fi jure ƙura, sukurun da ke fili kuwa yana son wanki da sabon giris a kai a kai.

Ɗaurawa da kwancewa

Ƙa'idar da Lak-Megantik ta ƙara tabbatarwa ita ce a gwada birkin hannu shi kaɗai. Bayan an ɗaura adadin da jadawali ya nuna, sai a saki dukan birkin iska, na taragu da na kan jirgi, a ga ko jerin zai motsa. Idan ya motsa a ƙara, a sake gwadawa.

Kwancewa ma tana buƙatar kulawa iri ɗaya. Taragon da aka manta da birkinsa a ɗaure aka ja shi, ƙafarsa tana yin zafi har ta tsage, ko ta kulle ta goge wuri ɗaya ya yi fale-fale, ta riƙa dukan ƙarfen dogo a kowane juyi. Shi ya sa kafin jirgi ya tashi mai duba taragu yake bin jerin da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, yana tabbatar da cewa kowace sarƙa ta saki kuma kowane takalmi ya rabu da ƙafarsa.