Saɓanin karanta tsarin bayanai a LDAP

LDAP ƙa'ida ce ta sadarwa wadda manhajoji ke bi wajen tambayar sabar kundin adireshi, wato kwamfutar da ke ajiye sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, kuma an fara tsara ta a 1993 da hannun masana, ciki har da na Jami'ar Michigan ta Amurka. Kowace saba tana da tsarin da ke fayyace ire-iren bayanan da take karɓa, kuma takardar RFC 4512 ta 2006 ta tanadi cewa manhaja za ta gano mazaunin wannan tsari ta hanyar sifar subschemaSubentry.

Saɓanin yana tasowa ne domin sabar OpenLDAP tana ajiye tsarinta a cn=Subschema, sabar 389 Directory Server kuwa a cn=schema, don haka manhajar da aka kafe wa mazauni guda takan dawo hannu wofi idan aka haɗa ta da wata saba. Wani saɓanin kuma shi ne sabar Active Directory ta kamfanin Microsoft tana sanya lambobin nau'in bayani cikin alamar zance, abin da ƙa'idar ba ta yarda da shi ba, sai manhaja mai tsananin bin ƙa'ida ta ƙi karanta su, alhali laifin na sabar ne.